Idan ciwon dajin mahaifa ya dawo: me ake nufi da haɗa gashi da sabbin magunguna?

 

Tambayar da muka ɗauko yau galibi daga ƴan ci-rani take zuwa, kuma kusan iri ɗaya ce. An kai uwa ko yaya ko mata Yamai, an yi mata maganin ciwon daji na mahaifa, ta dawo gida da sauƙi har ta koma daka da zuwa rijiya. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai jini ya dawo. Ɗanta da ke waje ya duba waya, ya ga an rubuta wai a Turai da Amurka akwai sabon magani mai bin ciwon kai tsaye, ana haɗa shi da gashi. Sai ya tambaya: gaskiya ne? In saya in aiko?

Maganin akwai shi, kuma yana taimakon wasu mata. Amma ba irin wanda ake saye a saka cikin jaka a ba direba ba ne, kuma ga wata macen cuta zai ƙara mata. Bari mu bi zancen a hankali.

Don me ciwon yake dawowa?

Duk manomin gero a nan ya san ƙuduji. Ka cire wanda ido ya gani, gona ta yi fes, amma irinsa yana kwance cikin ƙasa, damina mai zuwa ya sake kama saiwar hatsi yana tsotsa. Ciwon daji, wanda wasu ke cewa kansa ko sankara, haka yake. Aiki da wuƙa ko gashi suna kawar da abin da ake gani. Idan ƴan ƙwayoyi kaɗan suka tsira, waɗanda ko hoton likita ba ya nuna su, suna iya yin shiru wata da watanni, daga baya su tashi. A ciwon bakin mahaifa, mafi yawan dawowar tana faruwa ne cikin shekara biyu zuwa ukun farko bayan magani.

Kuma ciwon dajin mata ba iri ɗaya ba ne. Akwai na bakin mahaifa, wanda wata ƙwayar cuta mai suna HPV ke haddasawa, shi ne ya fi yawa a ƙasashenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin 660,000 suka kamu da shi a duniya, 350,000 suka rasu, kuma fiye da tara cikin goma na waɗanda suka rasu a ƙasashe marasa ƙarfi suke. Akwai na cikin mahaifar kanta, wanda ya fi kama matan da al'ada ta ɗauke masu. Akwai na ma'ajiyar ƙwai, mai kumbura ciki. Kowane da maganinsa. Don haka idan maƙwabciya ta ce “ni ga abin da aka ba ni”, ba lalle shi ne naki ba.

Abin da lokotoro zai fara dubawa idan ciwo ya dawo abu biyu ne. A ina ya dawo, wuri ɗaya ne cikin mara ko ya bazu zuwa huhu, hanta, ƙashi? Sannan an taɓa gasa wannan wurin a baya? Duk sauran shawara a kan amsar waɗannan take tsayawa. Ku riƙe su, za mu dawo kansu.

Gashi, shimiyo, da maganin da ke bin ciwo

Gashi, wato radiyoterapi kamar yadda ake faɗa a likita, ba wuta ba ce da ake sa wa mutum. Haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, na'ura tana auna shi daidai inda ciwon yake. Yana shiga cikin ƙwayar ciwon ya kakkarya abin da take dogara da shi wajen hayayyafa. Mace tana kwanciya mintoci kaɗan, ba ta jin zafi a lokacin, ta tashi ta tafi. Wahalarsa daga baya take zuwa: gajiya, zawo, zafin fitsari, fata ta yi duhu. Ga ciwon bakin mahaifa, yawanci ana yi kwana biyar a mako har kamar mako biyar, sannan a ƙara wani gashin na ciki, inda ake sa ƙaramar na'ura dab da bakin mahaifar. Masana sun daɗe da gano cewa a gama duka cikin mako takwas. Kowane jinkiri bayan haka yana ba ciwon damar farfaɗowa.

Shimiyo kuma magani ne da ake sawa ta ƙarin ruwa, ya zaga jiki duka. Kamar feshin gona ne gaba ɗaya: yana kashe ƙwarin, amma shukar ma tana jin jiki. Shi ya sa amai, zubar gashin kai, ƙarancin jini. Haɗa shimiyo da gashi ba sabon abu ba ne. Tun 1999 hukumar binciken ciwon daji ta Amurka ta sanar cewa ƙara wani magani mai suna sisplatin a lokacin gashi yana rage mutuwa daga ciwon bakin mahaifa da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Sisplatin tsohon magani ne, mai araha idan aka kwatanta da sabbin, kuma har gobe shi ne ginshiƙi.

To, sabbin da ake magana a kansu, bambancinsu shi ne ba sa feshin gona duka. Kowane yana neman wata ƙofa guda da ciwon ke rayuwa ta cikinta ya toshe.

Wanda aka fi ji shi ne bebasizumab, da ake sayarwa da sunan Avastin. Wanda ya taɓa zuwa fadamar Jiratawa ya ga yadda ruwa ke bin magudanai zuwa kowane fangali. Ciwon daji idan zai girma, sai ya aika saƙo jiki ya haƙa mashi sabbin magudanan jini. Bebasizumab yana tare wannan saƙon. Ba ya kashe ciwon da kansa, ruwa yake rage mashi. Akwai kuma wani dalili da ya sa masana suka yi tunanin haɗa shi da gashi: gashi ya fi cin ƙwayar da iska mai kyau ke isa gare ta, magudanan da ciwo ke haƙawa kuwa a hargitse suke, wani wurin jini ba ya kaiwa. Ana ganin maganin yana ɗan daidaita su na wani lokaci, gashin ya fi kamawa.

Akwai olaparib da ƴan uwansa, ƙwayoyi ne da ake haɗiya, an fi amfani da su a ciwon ma'ajiyar ƙwai, musamman ga matan da gwaji ya nuna sun gaji wani lahani da ake kira BRCA. Aikinsu shi ne hana ƙwayar ciwo gyara kanta. Kun ga hikimar haɗa su da gashi a fili take: gashi ya karya, magani ya hana ɗori. Sai dai wannan haɗin har yanzu a matakin gwaji yake.

Sai kuma masu tayar da garkuwar jiki, irin su pemborolizumab, mai sunan kasuwa Keytruda. Ciwon daji ya iya ɓad da kama, sojojin jiki su wuce shi ba su gane shi ba. Wannan magani yana tone mashi asiri. A watan Janairun 2024 Amurka ta amince a haɗa shi da gashi da sisplatin ga ciwon bakin mahaifa da ya yi nisa, bayan gwaji a kan mata fiye da dubu. Amma ku lura, matan da za a yi wa magani karon farko ne, ba waɗanda ciwo ya dawo masu ba.

Abin da gwaje-gwaje suka nuna, ba ƙari

A nan ne nake so ƴan uwa na waje su buɗe kunne, don abin da ake turawa a WhatsApp da Facebook yakan ɗauki kan labari ya bar gangar jikinsa.

Babban gwajin da ya sa aka karɓi bebasizumab a 2014 ga ciwon bakin mahaifa da ya dawo ko ya bazu, an yi shi a kan mata 452. An raba su: wasu shimiyo kaɗai, wasu shimiyo da bebasizumab. Cikin masu shimiyo kaɗai, rabi sun wuce wata 13 a raye. Cikin waɗanda aka ƙara wa sabon maganin, rabi sun wuce wata 17. Kusan wata huɗu ke nan. Wata huɗu ba abin rainawa ba ne, uwa tana iya ganin auren ɗiyarta a cikinsu. Amma ba warkewa ba ce, kuma da shimiyo aka haɗa shi a wannan gwajin, ba da gashi ba.

Haɗa shi da gashin kansa ga ciwon da ya dawo, an gwada a Boston ta Amurka, sakamakon ya fito a 2014. Matan ba su kai ashirin ba, yawancinsu ciwon cikin mahaifa ne ya dawo masu. Mafi yawansu suna raye bayan shekara uku, abin ya ba da ƙwarin gwiwa. Sai dai ba a ware wasu mata aka yi masu gashi kaɗai don a kwatanta ba, saboda haka ba mai iya rantsuwa cewa maganin ne ya yi aikin ba gashin ba.

Kuma ba kowane ƙari ne alheri ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2024, a kan mata fiye da 150 da ciwon cikin mahaifa ya dawo masu a wuri ɗaya cikin mara, ya nuna ƙara sisplatin a kan gashi bai ƙara masu komai ba sai wahala. Gashi kaɗai ya wadatar da mafi yawansu. A ganina wannan shi ne labarin da ya fi dacewa da mu: macen da aka cire wa mahaifa ba a taɓa gasa ta ba, idan ciwon ya dawo ƙarami a wuri guda aka gano da wuri, gashi yana iya warkar da ita sarai, ba tare da maganin miliyoyi ba.

To wadda aka taɓa gasawa fa? Nan gizo ke saƙa. Mafitsara da hanji suna maƙwabtaka da mahaifa, kuma ba sa manta gashin da suka sha. Akwai iyakar abin da za su iya ɗauka duk tsawon rayuwa. Gashi na biyu a wuri ɗaya sai da na'urori masu aune sosai, kuma ba kowace mace ake yi wa ba. Idan aka ɗora bebasizumab a kan naman da gashi ya riga ya raunana, maganin da aikinsa shi ne hana sabbin magudanan jini, sai rauni ya ƙi warkewa, wuri ya huje. A wancan gwaji na mata 452, kusan 15 cikin ɗari na waɗanda suka sha bebasizumab sun samu yoyo, alhali a ɗaya ɓangaren ɗaya ce cikin ɗari. Kuma duk waɗanda suka samu yoyon an taɓa yi masu gashi.

Mu nan jihar Maradi ba sai an yi mana fassarar yoyon fitsari ba. Mun san matan da doguwar naƙuda ta bari da shi, mun san yadda kishiya ke toshe hanci, mun san asibitin Danja da ke kudu da Maradi inda ake ɗinke su. Amma yoyon da ya biyo bayan gashi da ciwon daji ya fi na haihuwa wuyar ɗinki, don naman wurin ba ya kamawa. Ban da wannan, maganin yana hawar da jini, yana sa jini daskarewa a jijiya, yana iya huda hanji, kuma ba a ba da shi dab da aikin wuƙa. Wanda ya saya ya aiko ba tare da lokotoron da ya san tarihin macen ba, da kuɗinsa zai sayo mata wata masifar.

Akwai kuma maganar ajiya. Bebasizumab ruwa ne cikin ƴar kwalba, dole ya zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 da 8, daga masana'anta har hannun mai sawa. Ku duba tafiya daga Sabha zuwa Agadas, ko firigon da kuran ke ɗaukewa sau nawa a yini. Sannan jabu: a 2012, a Amurka kanta, an kama Avastin na ƙarya da ba ko ɗigon magani a ciki, har ya shiga ɗakunan lokotoro. In ya faru can, ina ga kasuwar bayan fage? Kuɗinsa kuwa, ƙarin ruwa ɗaya ɗaruruwan jikkuna ne na sefa, kuma duk mako uku ake maimaitawa.

Ina ake samun me a wajenmu?

Kafin 2021 babu na'urar gashi ko ɗaya a Nijar. Mai hali ya fita waje, marar hali ya koma gida. A watan Maris na 2021, ƙarshen mulkin Isuhu Mahamadu, aka buɗe sashen gashi a Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa, CNLC, a Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. An tsara ya ɗauki marasa lafiya kimanin 600 a shekara, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 25. Ku yi lissafin da kanku. A 2022 hukumar ta sa Nijar cikin ƙasashen Afirka bakwai na farko a shirinta na faɗaɗa gashi. A Najeriya kuwa, mutanenmu sun saba zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda zai nufi can ya yi waya tukuna ya tabbatar na'ura tana aiki kafin ya biya mota.

Hanya a nan gida ta saba: CSI, asibitin gunduma, sannan Maradi, ko dai cibiyar uwa da yaro ko babban asibiti, daga nan a rubuta takardar Yamai, zuwa CNLC ko asibitin haihuwa na Isaka Gazobi. Daga Maradi zuwa Yamai ya fi kilomita 600, mutumin Agiye ko Gazawa ya ƙara nasa a kai. Tun 2007 doka ta ce maganin ciwon dajin mata kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ku tambayi haƙƙinku, kada kunya ta hana. Amma ku shirya aljihu, don doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta biyan masauki da abincin wata biyu a Yamai, kuma ranar da magani ya yanke a ma'ajiya takarda za a miƙo maku ku je farmasi.

Shi ya sa idan ɗan ci-rani ya ce “me zan yi wa inna?”, ni ga abin da nake ganin ya fi. Kuɗin da za ka zuba a kwalba ɗaya, riƙe su don ta gama gashinta ba yankewa. Mata da yawa ba rashin sabon magani ke kayar da su ba: guzuri ne ke ƙarewa a mako na uku, ko damina ta faɗi a ce ta dawo gida, ko jini ya tsaya ta ga kamar ta warke. A samu mace guda cikin dangi ta zauna da ita. A kula da abincinta, wake, ƙwai, zogale, nama in da hali, don mai ƙarancin jini gashi ba ya kama ta yadda ya kamata. In an ce a ƙara mata jini, ƴan uwa su miƙa hannu. Wadda ke shan maganin sida kada ta dakatar, don mata masu wannan ƙwayar sun fi sauran haɗarin ciwon bakin mahaifa har ninki shida.

Bayan an gama, randebu. A shekara biyun farko akan ce ta dawo duk wata uku ko huɗu, ko da tana jin garau. Wannan zuwan da ake gani kamar ɓarnar kuɗin mota, shi ne ke bambanta ciwon da aka kama yana ƙarami a wuri ɗaya da wanda ya riga ya bazu. Malam mai gida, wannan naka ne: kada ka ce sai an ga abin da kaka ta yi.

Ke kuma, yaya, inna, in kin ga jini ya dawo, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara da ƙugu da ba ya sauka, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko kaluluwa a wuya, ko tari da rama ba dalili, kada ki jira ranar randebu. Je ki CSI ki gaya wa majo ko ungozomar likita cewa an taɓa yi maki maganin daji, a ba ki takardar gaba. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana. Abin da muke roƙo shi ne kada a tura garin magani ko kanwa cikin gaba, kada wanzami ya taɓa wurin, don naman da aka gasa ba ya jure rauni.

Takardu kuma ku riƙe su kamar takardar gona. Sakamakon naman da aka yanka aka auna, takardar aikin da aka yi, sunayen magungunan shimiyo, da takardar gashi mai nuna wurin da aka gasa da yawan da aka ba ta. Ɗan da ke waje ya sa a ɗauki hotonsu duka a tura mashi ya ajiye a waya. Duk lokotoron da za ku je wa, a Yamai ne, Zariya ko Tunis, abin da zai fara nema ke nan, kuma in babu takardar gashin farko ba zai iya yanke shawarar na biyu ba. In ya kawo zancen bebasizumab ko wani irinsa, ku tambaye shi kai tsaye: warkewa ake nema ko ƙarin lokaci? Sau nawa za a yi, nawa ne duka? Tunda an taɓa gasa ta, yaya haɗarin yoyo?

In kuwa ya ce ciwon ya wuce warkewa, wannan ba ya nufin a kwashe ta a koma gida hannu biyu. Gashi na ƴan kwanaki, wani lokaci ma sau ɗaya, yana tsayar da jini ya rage ciwon ƙashi. Akwai maganin wari. Akwai maganin zafi mai ƙarfi irin morfin, wanda lokotoro ke rubutawa da awo, ba tramol ɗin tebur ba. Ku nemi a rubuta mata kafin ku baro Yamai, ku kuma tambaya inda za a riƙa sabunta takardar a Maradi idan ya ƙare.